"Yau Ɗaya" da Takalman Hagu

Akwai wani mutumin Maraɗi mai suna Moutari, yana zaune a unguwar Guillotière ta birnin Lyon a Faransa da matarsa Sahadatou. Direba ne. Kowane mako yakan ɗauki buhunan takalman gwanjo daga Lyon ya kai Paris, wurin Alhaji Hassoumi, mai sito kusa da Porte de la Chapelle. A can ake tace kayan a tura Nijar.

Alhaji Hassoumi ba maigidansa kaɗai ba ne, taubashinsa ne. Uwar Moutari ƙanwar uban Alhaji ce. Kun san wasan taubasai. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Alhaji ya san haka, kuma ya daɗe yana fakewa da shi.

A shekarar 2009 aka gano Moutari yana da ciwon sukari. Ga kuma wani ɗan miki a babban yatsan ƙafarsa ta hagu da ya ƙi warkewa. Likitar, wata dattijuwar Bafaranshiya, ba ta ɓoye masa komai ba.

Ta ce ya bar tuwo, ya bar shinkafa, burodi, fura da lemon kwalba. Ya riƙe nama, kifi, ƙwai da ganye. In ya kiyaye, ƙafar za ta tsira. In bai kiyaye ba, wata rana za a yanke ta.

Moutari ya ce, "Har in mutu ba ni ba tuwo?"

Ta ce in sukarin ya sauka, mikin kuma ya rufe, sau ɗaya a wata yana iya cin ɗan kaɗan. Ci guda, ba yini guda ba.

Sahadatou ta ɗaure ɗamara. Ta daina tuƙa tuwo a gidan, har nata. Takan bi shagunan unguwar ta samo zogale da kabeji da kifi, ta kwaɗa masa, ta zuba masa a ɗan kwano in zai yi tafiya. Cikin wata huɗu tumbinsa ya faɗa, mikin ya fara haɗewa. Saura kaɗan.

To, al'adar siton Alhaji ce, ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci a shimfiɗa kwali a ƙasa, a kawo tire na tuwon shinkafa da miyar taushe, 'yan kasuwa su zagaye shi. Moutari yakan koma gefe ya buɗe kwanonsa.

Ran nan Alhaji ya leƙa kwanon ya kwashe da dariya.

"Jama'a, ku zo ku gani! Na kawo mutum Faransa, ta mai da mini shi akuya. Taubashi, in sa a yanko maka ciyawar bakin titi?"

Aka yi dariya. Moutari ma ya murmusa.

"Alhaji, rejim ne, dokar cin abinci. Likita ta hana."

"Likita ta hana! Uwarka da tuwo ta yaye ka, yau wata tsohuwar Nasara ta fi ta sanin cikinka?"

Maganar ta soki Moutari. Don ya kare kansa sai ya ce, "Ai ba hani ne na har abada ba. Ta ce in na warke akwai rana ɗaya a wata."

Nan ya yi kuskuren rayuwarsa. Alhaji bai ji "in na warke" ba, ko kuma ya ji ya yar.

"Rana ɗaya? To ai yau ce! Matso. Yau ɗaya dai, taubashi."

Moutari ya matso. Wata huɗu rabonsa da tuwo. Loma ta farko ta ja ta biyu, har aka ga gindin tire.

Kafin ya iso Lyon labari ya riga shi ta waya. Duk 'yan Nijar na garuruwan biyu sun ji cewa Moutari yana da rana ɗaya. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne ko ya riga ya ci ranar.

Ran Lahadi aka yi suna a Villeurbanne, kusa da Lyon, gidan wata Hajiya Ramatou. Ta ɗauko masa farantin masa da miya da hannunta.

"Hajiya, ki yi haƙuri, shekaranjiya na…"

"Au, ka ci na Alhaji Hassoumi ka ƙi nawa? Gidana ne bai kai ranarka ba? Tun asuba nake tsaye kan tanda. Yau ɗaya!"

Ya ci. Sati na gaba sadakar arba'in ce, ba a ƙin abincin sadaka. Na bayansa ɗaurin aure. Ga Juma'a tana zagayowa kowane mako, Alhaji na jiransa da tire. Rana ɗaya a wata ta koma biyu ko uku a mako, kuma kowa da ya ba shi yana ganin shi kaɗai ne ya ba shi.

Ya ɓoye wa Sahadatou. Amma ita ke wanke masa mikin, ta ga ya sake buɗewa. Ita ke wanke kwanon, ta ga yana dawowa da zogalen a ciki.

"Malam, kunyar mutane za ta cinye maka ƙafa. In an yanke ta, cikinsu wa zai ara maka tasa?"

Juma'ar da ta biyo baya Moutari ya shiga sito da niyya. Da aka kawo tire ya ce, "Alhaji, yau kam a'a. Ƙafar ta kumbura."

Alhaji ya yanko loma, ya dulmiya ta a miya, ya miƙe ya kai ta bakin Moutari a gaban kowa.

"Buɗe. Ko ka ci, ko ka ajiye mini makullin mota. Ba na aiki da mai ƙyamar hannuna."

Miya tana ɗiga a rigar Moutari. Ya tuna haya, ya tuna matarsa. Ya buɗe baki.

Alhaji ya tafa hannu. "Kun gani? Wasa nake yi masa! Taubashina ne."

A farkon 2011 aka yanke ƙafar Moutari ta hagu, ƙasa da gwiwa. Tuƙi ya ƙare.

Alhaji bai zo asibiti ba. Bayan an sallamo Moutari, sai ga buhu an kawo daga Paris. A sana'ar gwanjo, kowane buhu ba ya rasa takalman da suka ɓata da 'yan'uwansu. Marayu ake ce musu, zubarwa ake yi. Su ne Alhaji ya tara ya aiko. Waya ta yi ƙara.

"Taubashi, saƙo ya iso? Kai kam ka huta, kai da sayen takalmi har abada. Ƙafa ɗaya, takalmi ɗaya!"

Moutari yana jin dariyar mutane a bayan Alhaji ta cikin wayar.

Sahadatou ta fashe da kuka, ta ja buhun za ta kai bola. Moutari ya ce ta bari. Ya zauna a ƙasa ya zazzage shi. Na dama ya jera su a bakin ƙofa. Na hagu, guda goma sha ɗaya, ya mayar cikin buhu ya ɗaure, ya tura ƙarƙashin gado.

Aka yi masa ƙafar roba. Ya samu aikin zama a wani shagon kayan miya. Ya koma kan ganyensa da kifinsa, kuma ya koyi kalmar da ta gagare shi a da. In an ce "yau ɗaya", sai ya ƙwanƙwasa ƙafar robar da sandarsa ya ce, "Na riga na ci tawa." Wasu suka daina gayyatarsa. Bai damu ba.

Shekara uku bayan haka, wani ɗaurin aure ya kai shi Paris. Can ya ga Alhaji. Mutumin ya rame. Gorar ruwa ba ta barin hannunsa. Ƙafarsa ta dama tana cikin silifa, safa ta yi tudu a kan bandeji.

Moutari ya ja shi gefe.

"Alhaji, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Na san wannan ƙishirwa. Na san wannan safa. Don Allah ka ji maganar likita. Ni na riga ka bin hanyar nan."

"Ƙusa na taka. Tafi can."

Aka kawo abinci, dambu da shinkafa da fura mai sanyi. Alhaji ya ɗan ja baya, ya ce ya ƙoshi. Sai wani daga cikin 'yan sitonsa ya ce, "Haba Alhaji! Ko kai ma ka shiga rejim ɗin akuya ne? Yau ɗaya dai!"

Aka yi dariya, irin wadda Alhajin da kansa ya koya musu. Alhaji ya duba fuskoki. Shekara biyar yana mai da ƙin abinci abin kunya, yanzu ba shi da ƙofar fita. Ya miƙa hannu.

Moutari ya sa sandarsa ya janye tiren.

Alhaji ya janyo tiren da ƙarfi. "Gurgu ne zai koya mini cin abinci?"

Ya ci har ya suɗe hannu. Ya kora da fura kofi biyu, yana kallon Moutari cikin ido.

A 2015 aka yanke ƙafar Alhaji Hassoumi ta dama. 'Yan tire suka zo sau ɗaya, suka yi masa sannu, suka koma kasuwa.

Da labari ya iso Lyon, Moutari ya durƙusa ya janyo buhun nan daga ƙarƙashin gado. Ya kakkaɓe ƙura. Ya hau jirgin ƙasa na safe.

Ya tarar da Alhaji kwance shi kaɗai, an ajiye masa dafaffen ganye da ɗan kifi bai taɓa ba. Suka gaisa. Alhaji ya kama hannunsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Taubashi, kwana ashirin ban ga tuwo ba. Akwai mai sayarwa kusa da sito. Ka ɓoyo mini ko loma uku. Yau ɗaya."

Moutari ya girgiza kai.

"A'a, Alhaji. Saura ƙafa ɗaya gare ka. Ni ba zan ci maka ita ba."

Ya matso masa da kwanon ganyen. Sannan ya ɗora buhun a gefen gadon, wurin da babu ƙafa, ya kwance bakinsa.

"Ga sauran saƙonka. Na dama na sa su, sun yi mini daidai, na gode. Waɗannan na hagu ne. Shekara huɗu suna jiran mai su."

Alhaji ya duba cikin buhun. Hawaye ya gangaro masa.

Moutari ya ɗauki sandarsa.

"Kada ka yi fushi, Alhaji. Wasa ne. Ai taubasai muke."

Darasi: In likita ya hana mutum wani abinci, ranar da aka sassauta masa tsakaninsa da likitansa ce, ba ta mai suna ba ce, ba ta mai biki ba. Kada ka tura wa marar lafiya loma da sunan ƙauna ko wasa, domin ba kai za a yanka ba. Kai kuma mai ciwo, ka ce a'a ko da za a yi maka dariya. Kunya tana wucewa, ƙafa ba ta sake tsirowa. Ku tura wannan ga duk wanda kuka taɓa ji yana ce wa mai ciwon sukari "yau ɗaya".