Rantsuwar Mai Injin Niƙa

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Bakori da Funtuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana nan da ransa. Allah ya buɗa masa ta hanyar auduga, ya sayi shanun huɗa yana ba da haya, daga baya ya kawo injin niƙa, na farko a yankin. Tun da sassafe ƙwarya ke jeruwa har bakin hanya.

Kun san yadda ake yi in lokacin haraji ya zo. En'e, wato hukumar gargajiya, ta yanka wa gari abin da zai biya, mai unguwa da dattawa su raba gwargwadon ƙarfin kowa. Mai sana'ar kansa ana duba abin da sana'ar ke kawo masa a shekara. Abin da mai ƙarfi ya ƙi ɗauka kuwa, kan marasa ƙarfi yake sauka.

Mutumin nan ya ga za a sa shi cikin masu arziki, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya tafi wajen Sanda, wan matarsa, da ke zaune can gefen Dandume ƙarƙashin wani dagaci dabam. Ya ce, "Yaya, aron sunanka nake so. A nan garinku ba wanda ya san da injin." Sanda mutum ne mai kunya, ya ce to, bai gaya wa kowa ba.

Ran rabon haraji mutumin ya zo cikin tsohuwar riga, ya ce inji da shanu duk na Sanda ne, shi tsaro kawai yake yi. Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Malam, ka iya rantsuwa?" Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a, ya ce ko ƙusa ɗaya ba shi da ita a jikin injin nan.

Ya 'yan uwa, wa ya zalunta? En'e? Ai En'e ta karɓi nata cif. Ragowar kan maƙwabta ta faɗa. Akwai wani tsoho, Ɗanjuma, mai sayar da itace. A shekarar sai da ya sayar da jakinsa ya biya, ya koma ɗaukar itace a ka. Kullum ta gaban injin yake wucewa, mutumin har "Sannu, Baba" yake ce masa.

Damina ta biyu Sanda ya rasu, ya bar ƙananan yara. Da aka zo rabon gado, babban ɗansa Maharazu ya ce ya ji duk gari na faɗa cewa ubansu na da inji da shanu. Alƙali ya sa aka kira mutumin. Ya zo yana cewa wallahi nasa ne, da guminsa ya saya. Mai unguwa da dattawa suka faɗi abin da kunnensu ya ji. Alƙali ya ce, "Bara ka rantse ba naka ba ne, yau kana rantsuwa naka ne. A wace rana ka yi wa Allah ƙarya?"

Me zai ce? Mai shaidarsa guda ɗaya yana kabari. Aka sa inji da shanu cikin dukiyar marayu, wadda ba mai ikon taɓawa.

Yanzu matar mutumin, Shafa'atu, layi take bi da ƙwaryarta a injin nan, ta biya kamar kowa. Shi kuwa ƙodago yake yi a gonakin mutane. Ba mai karɓar shaidarsa, ba mai ba shi amanar ko akuya. Ya je neman gafarar Ɗanjuma, ya tarar an riga an kai tsohon makwancinsa. Wannan haƙƙi sai can.

Bana da aka zauna rabon haraji, ya buɗe baki zai ce ba shi da komai. Mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ba sai ka rantse ba, mun gani."

Ya ku masu sana'a, tela da mahauci da mai awon auduga, in an tambaye ku abin da kuke samu, ku faɗi gaskiya. In an ɗora muku fiye da ƙima, ku kai kuka, amma kada ku ɗora wa maƙwabci, kada kuma ku sa sunan Allah a ciki.

Allah ya kiyaye mu da rantsuwar ƙaryar da za ta dawo ta zama gaskiya a kanmu. Amin.