Soyayyen Iri a Jikin Bango

Akwai wani a cikin ikkilisiyar nan da ya soya irinsa. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma ina kyautata zaton shi ne zai fi kowa gyaɗa kai idan ana karanta wannan, kamar da maƙwabcinsa ake. Bar shi ya gyaɗa. Ku dai ku ji misalin, kowa ya gwada a jikinsa.

Akwai wani mutum manomi, mai hikimar hannu. Duk abin da idonsa ya gani, hannunsa zai yi. Shi ya saƙa faya-fayan da ke rataye a ɗakinsa, shi ya yanyanka tsofaffin gwangwanaye ya mai da su furanni, shi ya ƙona zane a bayan ƙwarya da bakin wuƙa. Ba laifi. Da rani ne, ba aikin gona, kuma gara wannan da zaman gulma a gindin bishiya.

Gonarsa tana kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, wadda ruwa ba ya zama a cikinta. Abin da ke yi a wurin shi ne wata jar dawa mai saurin nuna, da wani farin wake ɗan wuri. Matarsa ce ta zo da irinsu daga gidan mahaifinta, ba a samunsu a kasuwa. Duk kaka sai ta bi gonar da kanta, ta zaɓi zangarniya mafi cika, ta sussuke ta dabam, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Abincin gidan na shekara mai zuwa yana cikin wannan tulu.

Wata rana mutumin ya je birni gaishe da ɗan'uwansa, ya ga wani hoto a falo, wanda aka yi da ƙwayoyin hatsi, an manna su ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a gabansa har abincin da aka kawo masa ya huce. Da ya dawo gida ya samo kwali, ya dama talge mai kauri da garin rogo, ya zana makiyayi da tunkiya. Amma hatsin ci bai gamshe shi ba.

Ya ce, "Maman Afiniki, ɗan ɗebo mini daga na tulun nan."

Ta ce, "Wane tulu?"

"Kin san wanda nake nufi."

"Baban Afiniki, wancan ba na wasa ba ne. Ga hatsi nan a buhu."

"Na buhu duk ƙwari sun huda, wani babba wani ƙarami. So kike tunkiyata ta fito kamar mai ƙazwa?"

Ya dame ta da safe, ya dame ta da yamma, har ta fasa lakar, ta ba shi tafi ɗaya, ta sake liƙewa. Ya manna, ya lulluɓe kwalin da buhu don kada a gani sai ya gama, ya jingina shi a bayan randa inda akwai sanyi da laima.

Bayan 'yan kwanaki ya yaye buhun. Me zai gani? Waken ya kumbura, ya tsage, ya fid da tsiro. Tunkiya ta yi ƙahoni a gadon baya, makiyayi ya yi gemu har a goshi. Matar ta yi dariya har ta dafa bango.

Ta ce, "Ka ga iri mai rai! Ko a kan kwali bai yarda ya zauna banza ba."

Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Ya ce, "Ni ado na sa shi ya yi, wa ya aike shi tsira?"

Ku riƙe wannan magana tasa, don a nan ne haukan ya soma.

Ana nan sai 'yarsu Afiniki ta haihu a garin mijinta, uwar ta tafi yi mata wankan jego. Mutumin ya ga gida ba kowa, ga Ista ta gabato, baƙi za su zo. Ya sayo babban fallen katako mai faɗin rabin bango. Ya ɗauko tulun, ya ce tafi ɗaya kawai. Da ya dubi girman katakon ya ƙara ɗaya. Ya tuna da rubutun da zai yi a ƙasan hoton, ya ƙara. Daga nan ya ce, ai sauran bai taka kara ya karya ba, ya juye tulun duka.

Sai ya zauna yana tunanin yadda zai hana shi tsira. Dabara ta zo masa, ya ji daɗin kansa ƙwarai. Ya ɗora kasko a wuta, ya soya irin sama-sama, don kada launin ya ƙone. Ya manna da ƙaro, ya shafe da man ƙyallin nan da kafintoci ke shafa wa kujera. Makiyayi da jar dawa, tumaki da farin wake, a ƙasa kuma ya rubuta da manyan haruffa: UBANGIJI NE MAI CIYAR DA GIDAN NAN.

Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ci hakkinsa ba. Ranar Ista ɗakin ya cika. Masu ɗaukar hoto da waya suna ɗauka, wata mata har da hawaye. Kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Kowace ta zauna daidai inda ya ajiye ta.

Da matar ta dawo, tun kayanta na kanta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bango.

Ya ce, "Yaya kika gani?"

Ta ce, "Wannan jan na san shi."

Ta sauke kayan, ta je lungu ta ɗaga tulun da hannu ɗaya. Ba nauyi. Ta koma gaban hoton, ta ɓanɓaro ƙwaya ɗaya daga rigar makiyayi, ta sa a baki ta tauna. Ta ji ƙamshin kasko.

Ta ce, "Ka soya."

"Sama-sama ne."

"Baban Afiniki, ka soya!"

"Haba, ke kuma. Iri ai iri ne. Idan ruwa ya sauka sai in kankare mu shuka. Ba ga shi nan ba duka, ko ɗaya bai ɓata ba?"

Ta fita tsakar gida ta zauna a kan turmi, ba ta ko kwance ɗankwalin tafiya ba.

Ruwa ya sauka. Mutumin ya sa wuƙa ya kankare makiyayi, ya kankare tumaki, ya kankare rubutun, ya tara a ƙwarya, ya hau tudu ya shuka. Gonakin maƙwabta suka yi kore, tasa tana nan ja wur. Kullum da sassafe yana can a tsugune yana leƙen rami. Maƙwabcinsa, wani tsoho mai suna Barnaba, ya zo wucewa, ya tona rami ɗaya da yatsa, ya fito da ƙwaya. Tana nan da ƙyallinta, sai dai ta soma ruɓewa daga ciki.

Tsohon ya ce, "Ɗana, me ka binne a nan?"

Ya ce, "Iri ne, Baba."

"Dā iri ne."

Barnaba ya ba shi ragowar tasa dawar, amma irin ta fadama ce, mai son ruwa da dogon lokaci, ga shi kuma an makara. Ta yi kara a kan tudun, ba ta kai ga fid da kai ba damina ta ɗauke. A shekarar nan mutumin da matarsa da ƙodago a gonakin mutane suka ci abinci. Jar dawar kuwa, da matar ta aika garinsu a nemo, aka ce tun rasuwar mahaifinta ba wanda ya ci gaba da shuka ta.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan Maganar Allah ce. Iyayenmu a cikin bangaskiya sun adana mana ita da wahala, sun miƙa mana don mu shuka mu ci mu rayu. Mu kuma muka ga ta yi kyau a bango.

Kada wani ya fita ya ce an hana ado. Ku saƙa faifai, ku yi furen gwangwani, ku rubuta aya a saman ƙofa da duk launin da kuke so. Rataya ba ita ce laifin mutumin nan ba. Laifinsa kasko ne. Ya ga irin yana da rai, rayuwar ta ɓata masa tsari, sai ya kashe shi don ya zauna shiru.

Haka muke yi, kuma abin ya ishe ni. Magana ta shiga kunnenka ranar Lahadi, kafin Laraba ta fara tsira. Ta ce ka je ka gai da ƙanenka da kuka daina magana saboda iyakar gona. Ta ce ki daina kai labarin gidan mutane wurin zumuntar mata da sunan roƙon addu'a. Ta ce ka sauke hannun nan da kake ɗaga wa matarka. Nan take sai a ɗora kasko. "Ai wannan da su wane ake." "Ai Pasto bai san halin ƙanena ba." "Ai Allah ya san zuciyata." Sama-sama dai, don kada launin ya ƙone. Ayar tana nan a bakinka, kana rera ta, kana koya wa yara, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Amma ba za ta ƙara damunka ba, don ka kashe ta.

To, damina na zuwa. Ciwo zai zo, rashi zai zo, ranar da ɗanka zai dube ka ya tambaye ka ko abin da kake faɗa gaskiya ne za ta zo. Ran nan za ka kankaro abin da ke bango da gudu ka binne, ka tsuguna kana jira. Soyayye ba ya tsira, ko ka yi masa ban ruwa da hawaye.

Yau idan ka koma gida, tsaya a gaban bangonka ka karanta abin da ka rataya, da ƙarfi, matarka da 'ya'yanka suna ji. Sa'an nan ka tambaye su yaushe rabon da maganar nan ta sa ka yi abin da ba ka so. Idan suka ba ka amsa ba tare da sun dubi ƙasa ba, ka zo ranar Lahadi ka miƙe a gaban jama'a ka ce ƙarya aka yi maka.