Gidan da Tari Ya Yi Shiru

To yara, ku matso kusa, yau ba zan ɗaga murya ba.

Akwai wani mutum mai noman duma. Shi kam idan ya ƙwanƙwasa duma da yatsa, daga ƙarar kawai yake sanin abin da ke ciki. Yana da 'ya ɗaya, sunanta Dinatu, an haife ta da wani ciwo da likitoci ke kira sistik faiburosis. Ba ɗauka ake yi ba, da shi ake zuwa duniya. Majinar ƙirjinta kauri gare ta kamar ƙaro, idan ba a fitar ba sai ta toshe hanyar numfashi. In ka sumbaci goshinta ma gishiri za ka ji.

A asibiti aka koya wa uban aikin. Safe da yamma, kafin abinci, sai ya kwantar da ita a gefe ɗaya, ya lanƙwasa tafin hannunsa kamar ƙoƙo, ya dinga bubbuga haƙarƙarinta, bup, bup, bup. Ba zafi fa. Ya juya ta ɗaya gefen. Sai ta zauna ta ja numfashi, ta riƙe ya ƙirga uku, ta huro kamar mai hura wa madubi tururi. Daga nan tari, ta tofar a gwangwani. Kajin gidan ma sun saba, da sun ji bugun sai su taru, don bayansa ake watsa musu tsaba.

Ran nan maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Baban Dinatu, ka ji tsoron Allah mana. Kullum duka, kullum tari. Mutane har sun daina bin ta ƙofarka."

Dinatu ta ji. Ta ce, "Baba, bari kawai. Zan iya haɗiyewa."

Kunya ta kama shi, ya bari.

Gida ya yi tsit. Kun san irin shirun da kake jin kunnenka na ƙara? Shi. Da safe kaji su taru a bakin tabarmar, su tsaya suna kallo, ba mai kuka. Maƙwabciya kuwa har da cewa, "Ka gani ko? Ta warke."

Rana ta tara yana gona da tsakar rana, ya ga wani duma, babba, sumul, ba tabo. Ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta mutu a hannunsa, dum. Ya fasa, ashe ciki ya ruɓe, baƙin ruwa ya zubo masa a ƙafa. Ƙirjin Dinatu ya faɗo masa a rai. Sai ya yar da fartanya ya kama gudu.

Ya tarar da ita zaune a inuwa, ta yi kwalliya, tana murmushi. Leɓenta ya yi duhu. A hankali ta ce, "Baba... ka ji? Yau ma... ban yi tari ba."

Ya sa kunne a bayanta. Can ciki wani abu ke motsi, kamar mutum na tafiya cikin taɓo. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Dum.

Goya ta ya yi har asibiti. Kwana goma sha biyu ana ba ta magani, ana bubbugawa. Ranar da suka dawo, a ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma, gaban kowa. Bup, bup, bup. Da tarin ya taso, maƙwabciya ta toshe kunne, shi kuwa ya ce, "Ƙara, 'yata. Bari su ji."

Ma'anar misalin nan kuwa, ga ta. Majinar ita ce zunubin da muke haɗiyewa don kada a ji. Kullum taruwa yake, shi ya sa tuban bara ba zai share na yau ba. Hannun uban shi ne horon Ubangiji: daga waje kamar duka, amma a lanƙwashe yake, don ka numfasa ne. Tarin shi ne furta laifinka, kuma e, ba daɗin ji. Maƙwabciyar ita ce duk muryar da ke ce maka yi shiru, mutane na kallo.

Wani cikinmu ya zo yau tsaf-tsaf, ba wanda ya ji tarinsa. Ni dai tambaya ɗaya gare ni: in Uba ya ƙwanƙwasa ƙirjinka yanzu, wace ƙara zai ji?

Mu rufe ido.