Hutun da Ya Cinye Ƙafafun Baba

Akwai wani dattijo, tsohon kafinta, da duk unguwa ke kira Baba Mai Keke. Kullum da safe sai ya hau kekensa ya zaga gari, ya biya filin ƙwallo ya yi wa samari tsiya, ya dawo yana gumi yana dariya. Sandar dogarawa kuwa bai taɓa riƙe ta ba.

Babban ɗansa ya yi kuɗi, sai kuɗin suka zo masa da jin kai. Wata rana yana mota da abokansa suka wuce Baba yana taka keke, rigarsa sharkaf. Ɗaya ya ce, "Kai, wancan ba mahaifinka ba ne?"

Da yamma ɗan ya shigo gida yana huci.

"Baba, so kake a ce ba na kula da kai? Daga yau ka huta."

"Ni na ce maka na gaji?"

"Shekarunka sun wuce wannan wahalar."

Washegari aka ɗauke keken. Aka kawo kujera mai laushi da ƙaton talabijin, aka ajiye direba. Ko masallacin bakin layi sai a mota. In Baba ya miƙe zai ɗebo ruwa, sai matar ɗan ta rugo: "Zauna, Baba, a kawo maka!"

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yi faɗa, ya yi gaba da kowa, har abinci ya ƙaurace wa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye yana yankan katako, yau an jingine shi a falo kamar tsohon kabad. Babu wanda ya saurare shi, shi kuma da ya gaji da magana ya haƙura. Abin haushi, wai wannan shi ake kira gata!

Watanni suka shuɗe. Cinyoyinsa suka tsotse, gwiwoyi suka sandare. Wata safiya fitsari ya matse shi, ya dafa kujera zai tashi, ƙafafu suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, sai ga shi a ƙasa. Ɗan nasa ne ya ɗauke shi cak ya kai shi banɗaki, Baba yana hawayen takaici.

A asibiti likita ya duba shi ya ce, "Babu wata cuta a ƙafafun nan. Zama ne ya cinye su. Wa ya hana shi motsi?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa a gefen gado.

"Baba, ka yafe mini. Hutu nake so ka samu."

"Ba hutuna ka nema ba, bakin abokanka ka ji tsoro," in ji Baba. "Na yafe maka. Amma ka sani, tsufa bai kayar da ni ba. Kai ka kayar da ni."

An yi ta gashi da atisaye, an samu sauƙi kaɗan. Yanzu Baba kan taka zuwa ƙofar gida idan an riƙe shi. Daga nan bai ƙara wucewa da ƙafarsa ba.

Darasi: Jiki da motsi yake rayuwa, na yaro ne ko na tsoho. Kada ka zaunar da iyayenka don gudun surutun mutane. Ka bar su su taka, in da hali ma ka raka su. Tura wa duk mai dattijo a gida, tun ƙafafun suna ɗaukarsa.