Kurege da Wayar da Ba ta Gulma

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta mana, ko wayoyin nan sun cinye muku baki?

A da can, lokacin da duniya ke kwance, a ka Kurege yake riƙe da ramukansa. Rami arba'in, kowanne cike da gyaɗar da ya sato a gonar Biri. Innarsa ce ta koya masa dabara kafin ta rasu, ta ce kowane rami ya sa shi a waƙa: "Gindin kuka taku uku, bayan suri taku tara." Yana tafe yana rerawa, bai taɓa ɓata ba. Allah sarki, zamanin da kai ke aiki ke nan.

Ana nan sai kowa a daji ya yi waya. Kurege ya je wurin Malam Kunkuru mai gyaran waya, ya ce, "Malam, ina son wadda ba ta gulma."

Kunkuru ya miƙo masa wata, ya ce, "Wannan, kowace manhaja da ɗakinta, ba mai leƙa na wata. In ta nemi izini ka hana, kuma kada ka sauke ta bakin hanya. Ga lambar sirri biyu. Ta fari ta buɗewa ce. Ta biyu sai an ritsa da kai, ita ke share komai tas. Ka riƙa kawowa ina ajiye maka kwafi."

Kurege ya ce, "Malam, ni ko inuwata ban yarda da ita ba."

Ya zuba taswirar ramukansa a ɗaki guda ya kulle. Waƙa kuwa ya watsar, wai ta mutanen da ce. Shekara biyu ko sau ɗaya bai rera ba.

Biri kuwa ya gaji da noma wa wani. Ya san ɓarawonsa, amma ya rasa inda yake maƙalewa. Sai ya haɗa manhaja mai suna Ƙuli-ƙuli Kyauta, ya turo masa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Yawun Kurege ya tsinke, ya sauke.

Manhaja ta ce, "In san sunanka?"

Ya ce, "Na yarda."

"In san abokanka?"

"Na yarda."

"In san inda kake?"

"Na yarda, ke dai kawo ƙulin."

Bai rufe baki ba sai ya ji caraf an cafke masa wutsiya. Biri ya ce, "Ƙuli ya iso. Buɗe ɗakin nan in ga inda gyaɗata take, ko in maka ka da ƙasa."

Kurege ya dubi Biri, ya dubi ƙasa, ya danna lamba ta biyu. Waya ta yi fari fat, ta ce, "Barka da zuwa, zaɓi harshe."

Nan take Kurege ya ɗora hannu a ka. "Wayyo ni, manhajarka ta cinye mini waya! Mu je gaban Zaki."

Da jin sunan Zaki, Biri ya sake shi, ya ba shi haƙuri, har da ƙulin gaske guda uku na toshiyar baki.

Kurege ya tafi yana dariya har da faɗuwa. Ya shiga daji zai ɗebi gyaɗa, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Gindin kuka taku..." Uku ne ko tara? Wace kukar ma? Ya ja waƙa, waƙa ta ƙi zuwa. Ya nemi muryar Inna a kansa, ya ji shiru. Nan ya zauna ya yi kuka mai isarsa, kuma wallahi ba don gyaɗar ba.

Da damina ta sauka, rami arba'in suka tsiro, Biri ya bi ya tumɓuke abinsa.

Shi ya sa har yau za ku ga Kurege ya tona nan, ya tona can, ya miƙe a ƙafa biyu ya yi shiru yana kasa kunne. Sauran waƙar yake jira.

Ƙurunƙus kan gafiya. In manhaja ta ce ƙuli kyauta, ku ne ƙulin. Ba don Kurege ba da na yi ƙarya.