Mutumin da Suka Tsinta a Tsibiri

Akwai wani direba a unguwar Waziriyya ta Jidda mai suna Mus'ab, mutumin Katsina. Motar rarraba ruwan sha yake ja wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a kan izinin zama a Saudiyya, matarsa Sajida kuma tana da tsohon ciki.

Da zafin bazara ya tsananta, abokansa Majid da Rayan, Hausawa haifaffun Jidda, suka ja shi shan iska. Suka ɗauki tanti da gawayi da nama, suka kwana a bakin teku kudu da gari. Da safe suka yi hayar ƙaramin jirgin ruwa, mai shi ya ɗauke su zuwa wani tsibiri. Kafin su tashi sai da jami'an tsaron gaɓar teku suka duba takardun kowa, suka san mutum nawa ne suka fita.

Tsibirin ba kowa, sai farin yashi da tsuntsaye. Suka yi iyo, suka gasa nama, Rayan yana ta ɗaukar hoto.

Wajen azahar Mus'ab ya zaga bayan wasu duwatsu neman inuwa. Nan ya tarar da mutum kwance kusa da wani fasasshen kwale-kwale. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. Mus'ab ya ruga ya kawo ruwa, ya riƙa ɗiga masa a baki.

Da ƙyar mutumin ya yi magana, kuma da Hausa. Sunansa Na'ibi, Bahaushen Sudan ne mai kamun kifi. Injinsa ne ya mutu, iska ta maka shi da duwatsu. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar.

Jin haka Majid ya ja baya.

"Ya akhi, wannan mushkila ce. In muka koma da ƙarin mutum marar takarda, cewa za a yi safararsa muke yi. Mu bar masa ruwa da abinci, in mun isa mu sanar ba tare da suna ba."

Mus'ab ya ce, "Ruwan ma amayar da shi yake yi. Ba zai kai lokacin ba."

Rayan ya duba wayarsa, babu sabis. Ya ce, "Ka tuna da Sajida, Mus'ab. Mu nan aka haife mu, muna da masu tsaya mana. Kai wa kake da shi?"

"Allah. Shi ma wannan Shi yake da shi."

Mai jirgin ya ce shi kam ba zai jefa sana'arsa cikin haɗari ba. Ya tada inji. "Yalla, ku shigo."

Mus'ab ya cire rigarsa, ya jiƙa ta, ya rufe kan Na'ibi. Sannan ya zauna a kan yashi ya miƙe ƙafa.

"Ku tafi. Ni ina nan tare da shi. In kun isa, ku yi wa jami'ai bayanin inda kuka baro ni."

Majid ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya kama hannunsa zai ja shi. Mus'ab ya fizge. Shi ma tsoron yake ji, amma bai tashi ba.

Mai jirgin ya gane cewa komawa babu mutum ɗaya ya fi komawa da ƙari muni. Ya kashe injin ya ce, "Halas. Ku ɗauko shi."

Suna matsowa gaɓa sabis ya dawo. Mus'ab da kansa ya kira jami'ai, ya faɗi sunansa da duk abin da ya faru. Suka tarar da motar asibiti tana jira.

Aka sallami sauran da yamma, aka riƙe Mus'ab har sai da Na'ibi ya farfaɗo ya ba da shaida, gaskiya ta fito. Amma kafilinsa bai saurari uzuri ba. Ya karɓe makullin mota, ya ce ya nemi wani wurin.

Majid ya zo gidansa ya same shi zaune ba aiki. Ya ce, "Ka ga abin da na gudar maka?"

Mus'ab ya ce, "Na gani. In an koma gobe, haka zan sake yi."

Labari ya bazu cikin Hausawan Sudan na unguwar Mahjar. Wata safiya wani dattijo a cikinsu, mai shagon sayar da kifi, ya ƙwanƙwasa ƙofar Mus'ab. Ya ce yana neman direban da zai amince wa, kuma zai tsaya a kan sauya masa kafili. Kafin Mus'ab ya amsa, dattijon ya miƙa masa waya.

Muryar wata tsohuwa ce daga Sudan, mahaifiyar Na'ibi. An mayar mata da ɗanta gida, yana zaune a gefenta.

Ta ce, "Ɗana, ban san fuskarka ba. Amma tun ranar da na ji labarinka, sunanka nake fara kira a sujada kafin nasa."

Darasi: Idan rai yana hannunka, kada tsoron wahala ko yawan masu cewa a'a ya sa ka juya baya. Tsayawa a kan daidai yana iya cin aikinka, amma Allah ba Ya barin wanda ya tsaya. Tura wa abokan tafiyarka su karanta.