Barkonon Baba Cindo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wani tsoho ne a wani ƙauye na bakin kogi, ana ce masa Baba Cindo. Shekara arba'in yana noman barkono a bayan gida, matarsa Tabawa tana tsinka tana shanyawa. Shi dai fartanya ce tasa. Yadda ake busarwa kuwa, bai taɓa tambaya ba. Sai ana tsakiyar damina, Allah ya yi wa Tabawa rasuwa.

To, barkono bai san an yi mutuwa ba. Lokacinsa ya yi, ya nuna jawur. Baba Cindo ya tsinka, ya cika kwando uku. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Da hannunta ta dasa shi. In na bari ya ruɓe, ba miya, ba irin baɗi."

Sai ya baza kwando ɗaya a tabarma a tsakar gida, ya tafi masallaci. Kafin a sallame hadari ya haɗu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya dawo ya tarar da barkono yana iyo. Kwana biyu ya yi fumfuna, sai zubarwa.

Sai ya ɗauki kwando na biyu ya kai kan dutse a bayan gari. Ya baza, ya zauna gadi da sandarsa. Rana ta yi daɗi, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Sai ga garken zabi. Suka ci na ci, suka watsa sauran cikin taɓo. Ya farka ya ce, "Wayyo Tabawa, ashe aikin da kike yi ke nan!"

Saura kwando ɗaya. Gari kuma ya lumshe, kwana uku ba a ga rana ba, barkono ya fara laushi. Sai ya ɗora kwandon a ka, ya gangara bakin kogi, wurin wata dattijuwa mai kyafa kifi, sunanta Kuluwa.

"Sannu da aiki, Kuluwa."

"Yauwa, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Tambaya na zo yi, ko da yake da kunya. Yaya ake busar da barkono in rana ta ƙi?"

Kuluwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sauke. Abin da rana ta ƙi, hayaƙi zai yi."

Ta zaɓi manya-manya ta ware gefe. "Waɗannan na iri ne, zafi zai kashe su. Ka huda su da allura, ka jera a zare, ka rataya inda iska ke kaɗawa."

Sauran ta baza a kan ragar kifi, ta janye itace har wuta ta kwanta.

"Ba harshen wuta muke so ba, Baba. Hayaƙi kawai. Zauna ka riƙa juyawa."

Baba Cindo ya zauna. Hayaƙi ya turnuƙe, yaji ya shiga hanci. Ya yi atishawa, ya yi tari, idanu suka kawo ruwa. Ya share, wani ya zo. Ya sake sharewa, ruwan ya ƙi tsayawa, kafaɗunsa suka fara rawa. Tun ranar jana'iza bai bari kowa ya ga hawayensa ba.

Kuluwa ta juya masa baya tana gyara kifi. A hankali ta ce, "Yi abinka, Baba. Duk wanda ya wuce zai ce hayaƙi ne."

Ya yi kukansa har ya gaji.

Kwana uku yana zuwa yana juyawa. Ran na uku Kuluwa ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunnensa. 'Ya'yan ciki suka ce kacau-kacau.

"Ka ji? Wannan zai kai wata damina."

Ya ce ta ɗebi rabi. Ta ɗebi cikin tafi ɗaya, ta ce, "Ya ishe ni. Baɗi ka kawo da wuri."

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya leƙa kwandon ya fito da atishawa. Ku riƙa lura da aikin da na gida ke yi muku tun suna nan. In kuma abu ya gagare ku, ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.